Bencin Kawu Nomau

Duk wanda ya taɓa zama taron kwamitin makarantar firamaren garinmu ya san da abin da ake buɗe taro. A faɗe dai da addu'a ne. Amma mu na ciki mun san liman ba ya ɗaga hannu sai Kawu Nomau ya gama shiga bencinsa. Shiga na ce, ba zama ba. Benci ne na 'yan aji ɗaya, irin wanda aka haɗe da teburinsa, kafinta ya auna shi da yaran da ko famfara ba su gama ba. Shi kuwa Kawu, ai kun san shi, in ya tsaya a ƙofar zaure sai ciki ya yi duhu. Manomin albasa ne a fadamar Bakolori, kuma Allah Ya hore masa jiki Ya hore masa ci.

Sai ya tattare riga ya saɓa a kafaɗa, ya ja numfashi ya shanye tumbi, ya yi bisimilla ya zura ƙafa ɗaya, sannan ya bi da ɗayar, benci na ƙara, mu muna kau da kai. In ya samu ya daidaita, gwiwa ta kusa taɓa gemu, sai ya saki numfashi ya dubi gaba ya ce, "To, ciyaman, a hwara."

Ni ce Kulu, 'yar ƙanwarsa Ige. Ni nake koyar da aji ɗayan, ni kuma malamai suka tura in wakilce su a kwamiti, shi yana wakiltar iyaye. Saboda shi ne ma aka daina taro a ofishin hedimasta aka dawo ajina, don ya rantse ba zai zauna a ɗakin da yara ba sa shiga sai in za a zane su ba. Ku auna halina: ajina, bencin ɗalibaina, kawuna a matse a ciki, ga manyan gari a zaune. Na taɓa raɗa masa na ce, "Kawu, don Allah ga kujera, kana ba ni kunya."

Ya ɗaga murya yadda na waje ma zai ji. "Ku ji ɗiyar Ige! Wai kunya nika ba ta. Ke, wanda duk za shi yanke ma yaro hukunci, shi zamna inda yaro ka zamnawa. Daga bisa kujera mi aka gani? Kawunan mutane."

Na bar shi da bencinsa.

Wanda maganar ta fi sosa wa rai shi ne ciyaman, Alhaji Modi mai shinkafa, don shi da kujerarsa yake zuwa daga gida, mai soso, a ɗaure a bayan babur. Tare suka tashi da Kawu, tare suka yi karatun allo, kuma tun suna yara ko inda rana take fitowa ba su taɓa yin ittifaƙi a kai ba. A kan komai ana iya ja da Kawu a yi dariya a tashi, ban da abu ɗaya. Kada wanda ya kawo maganar rufe makaranta, ko da ta yini ce, ko don biki ko don kamfen. Nan take fuskarsa za ta canza, ya buga tebur ya ce, "Makarantar ga ba a ruhe ta ina da rai."

Yau makarantar a rufe take, shi kuma yana kwance a makabartar Mafara, nesa da gonarsa. Amma bari in fara da dariyar, don na san shi, da ita zai so a fara.

Kun tuna taron da aka yi bayan wata Babbar Sallah? Ranar da ƙyar ya shiga, sai da ya ja numfashi sau biyu. Aka zo yanke shawara a kan wata 'yar magana, ciyaman ya ce a ɗaga hannu. Kawu ya ce sam, wannan ɗaga hannun ƙarya ne, kowa sai ya saci kallon hannun Alhaji kafin ya ɗaga nasa. A rufe ido. Aka yi ta ja, aka gaji, aka yarda. Muka rufe ido duka, masu ɗagawa suka ɗaga. Shiru. Shiru. Hannuna har ya fara tsami. Can sai hedimasta ya yi gyaran murya ya ce, "To wai wa zai ƙirga?"

Kawu, ido a rufe, ya ce, "Allah Ya gani."

Aka shafa fatiha, kowa ya miƙe yana kaɗe riga, sai Kawu ya yunƙura. Ina! Ya sake yunƙurawa, benci ya taso tare da shi. Hedimasta ya kama hannu, liman ya danne benci, aka ja, ko motsi. Alhaji Modi kuwa me zai yi in ba dariya ba, har da riƙe bango. Da Kawu ya ga ya nufi ƙofa sai ya daka masa tsawa: "Ina za ka? Taro ba shi tashi sai mamba na ƙarshe ya tashi. Koma ka zamna!" Wallahi kuwa ya koma. Aka kira kafinta ya zo da zarto, Kawu ya ce wanda duk ya taɓa kayan 'ya'yan mutane sai sun je gaban maigari. A ƙarshe matarsa, Inna Hajo, ita ta aiko da man gyaɗa a kwalba, aka ɗage riga aka shafa wa tumbi, aka ja, ya fito fit. Ya tsaya yana haki, yana ƙyalli, ya dubi benci da fushi.

"Kun gani ko? Bencin ga ya yi ma yara kaɗan."

Alhaji Modi ya share hawaye ya ce, "Yara na shiga lahiya lau, Nomau. Ragon layyar da kac ci na bai samu wuri ba."

Sai kuma maganar fenti. Wata shekara aka aiko mana da ɗan tallafi, aka ce kwamiti ya zaɓi aiki ɗaya. Ciyaman da hedimasta sun riga sun gama shawararsu a waje: a shafe bangon da ke kallon titi, a kafa allon suna babba, mai wucewa zuwa Bakura ya san da makaranta a garin nan. Ni kuwa kwanon ajina ya zama rariya, kuma na faɗa har bakina ya gaji. Aka sa taro da hantsi, tsakiyar damina. Muna zama sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Alhaji Modi ya leƙa taga ya ce a taƙaita, magana ɗaya ce, a ɗaga hannu a watse.

Kawu ya ce, "Subhanallahi. Ba gaisuwa? Mun zama arna?"

Kun san gaisuwar mutanenmu ko a ranar gaggawa ba gajera ba ce. To ranar Kawu ya fito da ita tun daga tushe. Ya fara da liman. An tashi lahiya? Ina gajiya? Ya gida? Ya ɗiya? Ya ruwa? Ya hwama da jama'a? Ya tsohuwa, ƙahwar ta yi sauƙi? Madalla, madalla. Ya koma kan hedimasta ya bi shi ɗaki ɗaki har kan ƙanen matarsa da ke karatu a Sakkwato. Iska ta fara kaɗa ƙyaure. Ya juyo kaina.

"Malama Kulu, an tashi lahiya?"

Na ce, "Kawu, yanzu fa muka gaisa a ƙofar gida."

"Waccan ta gida ta. Wagga ta kwamiti ta. Ina gajiya?"

Da ya iso kan ciyaman, Alhaji Modi har ya fara kaɗa ƙafa, yana amsawa a daƙile. Kawu bai damu ba. Ya gama da mutanen gidan, ya shiga garke.

"Ina jakin nan naka mai ɗingishi?"

"Nomau, jakin nan ya mutu tun bara!"

"Inna lillahi! Kuma ba a aiko man ba? Ya haƙuri? Ashe rashi ankai. Allah Shi mayar da alheri. Ciwo yay yi, ko ko tsuhwa?"

Bai rufe baki ba ruwa ya kece. Jama'a, ni na san ajina, amma su ranar suka san shi. Nan tsulul, can tsulul. Alhaji Modi ya ja kujerarsa gefe, ruwa ya same shi. Ya ja ta gaba, ya same shi. Soso ya sha ruwa, hula ta lanƙwashe. Liman ya cusa carbi a aljihu ya raɓe a kusurwa, hedimasta ya kifa faranti a ka. Kawu kaɗai ne bai motsa ba, ko da yake ko ya so ma ba hali, ruwa na ɗiga a kan hancinsa. Ya bari sai da kowa ya jiƙe sharkaf, sannan ya ce cikin natsuwa, "To, ciyaman, mun gaisa. A shiga maganar henti. Wane launi? Ni dai shuɗi nika so, shi dace da ruwa."

Ranar ba wanda ya saci kallon hannun kowa. Kwano aka sa.

Kada ku ɗauka kullum shi ke da gaskiya. Akwai ranar da aka kama shi dumu-dumu. Lokacin da shinkafar rani ta fara nuna a fadama, tsuntsayen jan-baki kan sauko kamar hayaƙi, sai iyaye su kwashe yara a tura su kora. Ajina ya koma rabi. Hedimasta ya kawo ƙara gaban kwamiti, ya ce a kai iyayen gaban maigari. Kawu ya fi kowa zaƙewa.

"A kai su! Ba sani ba sabo! Wane irin uba na ka musanya karatun ɗa nai da tsuntsu?"

Alhaji Modi ya gyara zama a kan sosonsa, ya yi wani murmushi da ya daɗe yana tanadi. "Malama Kulu, jikokin Nomau suna aji yau?"

Oh ni Kulu! Ga kawuna, ga gaskiya. Na sunkuyar da kai na ce, "Tun wancan mako ban gan su ba. Suna gonar babansu."

Ban taɓa ganin Kawu ya rasa ta cewa ba sai ranar. Ya fita daga benci ko man gyaɗa ba a nema ba.

Washegari da safe ga jikokin nan a aji, an wanke su tas. Daga fadama kuwa sai muka riƙa jiyo wata irin kururuwa, har karnuka suna amsawa. Ashe Kawu ne a tsakiyar shinkafa, ya naɗe wando, yana jan igiyar gwangwanaye yana ihu. Ya yi mako yana haka. Da aka dawo taro muryarsa ta dushe sai raɗa, amma da raɗar ya kawo shawara: ba za a kai kowa ƙara ba, dattawan gari ne za su karɓi korar safe har a tashi makaranta, kuma 'yan kwamiti za su fara. Aka yarda, don ba mai bakin ƙi.

Ranar da layi ya zo kan ciyaman, har ni sai da na garzaya fadama ana tashi don in gani. Ga Alhaji Modi a bakin gona, a kan kujerarsa, da lema, yana ɗan kaɗa hannu yana cewa "kai, kai," tsuntsaye kuwa sun sauka gabansa suna ci hankali kwance. Kawu na tsaye a kan kunyar gona yana kallo.

"Bar su, Kulu. Sun gane shi. Sun san ciyaman na, ba shi yin komi sai an yi taro."

A hanyar komawa gida ranar ne na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya. Na ce wai shi da bai yi boko ba, me ya haɗa shi da makaranta haka? Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ran da anka zo ɗibar yara a kai su boko, cikin ruhewar hatsi babanmu yas saka ni, bisa gero, yar ruhe. Don ƙauna yay yi, a ganin shi. Ina ciki ina jin ana kiran sunayen abokaina. Bencin ga da kika gani, wurina na. Na dai makara."

Tun daga ranar ban sake jin kunyar shigarsa benci ba.

Sauran labarin kun san shi, don tare ya same mu. Mutanen daji, 'yan bindigar nan, suka matso. Da farko labari ne daga nesa, wajen Maradun, an kore shanu, an tare hanya. Sannan ya zama labarin ƙauyen da muke aure da su. Malamanmu da ke zuwa daga Mafara suka fara fashi, wa zai ga laifinsu? Makarantun da ke kewaye da mu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Tamu kuwa a bakin gari take, bayanta gonakin dawa ne har daji.

Da aka kawo maganar rufe ta gaban kwamiti, Kawu ya yi faɗan da bai taɓa yi ba. Ya ce wa Alhaji Modi matsoraci a gaban mutane. Ya ce in an rufe yau, wa ya san ranar buɗewa? Ya ce shi zai kwana a ƙofar makaranta da sandarsa. Alhaji Modi bai rama ba, ya ce kawai, "Nomau, in anka kwashi ɗa guda, da wane ido za mu dubi uwa tai?" Aka tashi baram-baram, aka ɗage magana zuwa wani zaman.

Kwana kaɗan bayan haka ina tsakiyar darasi sai ga shi ya yi sallama. Ya ce kada in kula shi, ya zo zama ne. Ya shiga bencinsa a layin baya, kusa da taga, wata 'yar mitsitsiyar yarinya, Nana, ta matsa ta samu ɗan gefe. Yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya, na tsawata, muka ci gaba da baƙaƙe. Ina faɗa suna amsawa, shi ma yana motsa baki.

Sai ƙarar babur ta taso daga bayan gonaki.

Ban ce komai ba, ba na ma bukatar cewa. Kafin ƙiftawar ido ajin ya yi tsit, babu kai ko ɗaya a sama. Duk sun shige ƙarƙashin tebura sun kwanta, ba kuka, ba tari. Kawu kaɗai ya rage a zaune, ƙato, a bakin taga, ya kasa duƙawa don benci ya riƙe shi. Nana ta miƙo hannu daga ƙasa ta ja bakin rigarsa, ta ce a hankali, "Baba, duƙa. Suna ganin ka."

Mai burodi ne. Ya wuce da akwatinsa yana danna oda. Yara suka fito ɗaya ɗaya suna kaɗe gwiwa, suka koma wurarensu kamar ba a yi komai ba. Wannan ne ya fi ba ni tausayi kullum, yadda suke komawa kamar ba komai.

Da aka tashi ya tsaya har kowa ya fita. Ya ce, "Kulu, ke kik koya masu wanga?"

Na ce, "Ba wanda ya koya musu, Kawu."

"Kullum haka na?"

"Duk babur ɗin da ya wuce."

Ya daɗe yana kallon taga. Daga inda yake zaune ba abin da ake gani sai kan dawa da bakin hanyar daji. Ni da nake tsaye a gaban allo ban taɓa lura da haka ba.

Ranar zaman, ajin ya cika har taga, don gari ya ji za a yi ta ta ƙare. Alhaji Modi ya zo da shirinsa, ya roƙi liman ya taya shi magana. Kawu ya shigo, ya shiga benci. Bai gaida kowa ba. Mutumin da ya yi wa jaki ta'aziyya, ranar ko "an tashi lahiya" bai ce ba. Liman na shafa addu'a, Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Ciyaman, a ruhe ta."

Alhaji Modi ya cire tabarau ya dube shi. "Nomau, kai na?"

"Ni na. Na zamna inda suka zamnawa, Modi. Ba karatu sukai ba. Bakinsu na ga allo, kunnensu na ga hanya. Ɗiyar da ba ta kai ƙuguna ba ita ka ce man in duƙa." Ya dafa tebur. "Ni nic ce ba a ruhe ta ina da rai. To ga ni da rai. A ruhe. Amma a ji da kyau: ruhewa ankai, ba kashewa ba. Kwamiti na nan. Ba wanda yas sauka."

Aka ɗaga hannu, nasa ne na farko. Na kasa ɗaga nawa sai da ya harare ni. Na yi kuka ranar a gaban manyan gari, ban kuma damu ba. Shi ya karɓi kwaɗo daga hannun hedimasta ya datse ajina da kansa.

Ba a kai ga girbin dawar nan ba muka bar garin. Ranar tashi, motar da muka samu ƙarama ce, kowa na jefa abin da ya fi bukata. Sai ga Kawu ya ɓullo daga wajen makaranta da benci a ka. Inna Hajo ta saki salati.

"Malam! Babbar tukunyata anka ce ba wuri, gadonka ma mun bar shi, sai wanga katako? Bisa benci za mu dahwa tuwo?"

"Ajiya ta, Hajo. Kayan ɗiyan mutane na, in an bar shi gara ta ci."

Hedimasta ya ce ai ba a fitar da kayan makaranta sai da izinin kwamiti. Kawu ya ce gaskiya ne. Ya sauke benci a bakin titi, ya tsayar da Alhaji Modi da ke ɗaure buhuna, ya kira liman, ya kira ni. A nan, mata na kuka, direba na zagi, aka yi taro aka ɗaga hannu. Benci ya shiga mota, tukunya ta zauna.

A Talata Mafara muka samu wani gida muka raɓa. Mutanen garinmu suka warwatse, wasu Bakura, wasu Maradun, wasu nan cikin gari. Amma kowa dole ya zo kasuwar Talata, kuma Kawu ya san haka. Duk ranar kasuwa sai ya bi rumfa rumfa ya tattaro 'yan kwamiti ya kawo su zaurenmu. Magana ɗaya ce kullum. Zai shiga benci ya ce, "Ciyaman, yaushe za a buɗe?" Alhaji Modi ya ce, "Da saura, Nomau." Shi kuma ya ce, "To a sake zama Talata mai zuwa." Wasu sun gaji sun daina zuwa. Alhaji Modi bai taɓa fashi ba, da kujerarsa a bayan babur.

Tsakanin Talata da Talata kuwa yawo yake makarantun gari yana roƙa wa yaranmu wuri, yana gaida hedimastoci irin gaisuwar nan tasa har sai sun gaji sun ce a kawo su. Waɗanda ba su samu shiga ba na tara su a zaure da safe, na shafa wa bango baƙi ina koya musu. Shi ma ba ya fashi.

A nan na fara lura. Manomi ba gona, ga abin da ke cin ransa. Abinci sai ya taɓa ya ture. Wata safiya na ga ya zo ya zauna a benci haka kawai, bai tattare riga ba, bai ja numfashi ba, benci bai yi ƙara ba. Har yara biyu suka samu wuri kusa da shi. Ya ga ina kallo, ya yi dariya ya ce, "Kin gani? Ashe Modi ya yi gaskiya. Ragon na." Na juya na fuskanci bango na yi ta rubutun da ban san me nake rubutawa ba.

Ranar ƙarshe da ya zauna, muna tsakiyar karatu ya ɗaga hannu. Yara suka fara dariya, sun saba da wasansa.

"Malama, a ba ni izini in ɗan kwanta."

Na ce, "An ba ka, amma ka dawo kafin a tashi."

"In Allah Ya so."

Ya dafa kan Nana ya miƙe, ya shiga cikin gida. Bai sake fitowa da ƙafarsa ba.

Talatar da ta biyo bayan an share makoki ban sa ran kowa ba. Na share zaure dai don sabo. Da hantsi sai na ji tsayuwar babur. Na leƙa, Alhaji Modi ne, bayan babur ɗin babu komai. Liman ya zo, hedimasta ya zo, har waɗanda suka daina zuwa. Alhaji ya tsaya a gaban bencin nan ya daɗe. Sannan ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya ja numfashi, ya yi bisimilla ya zura ƙafa. Da ƙyar ya shiga, gwiwarsa na ciwo, ba wanda ya yi dariya. Ya bi mu ɗaya ɗaya ya gaishe mu, gida da 'ya'ya da gajiya, bai tsallake kowa ba. Da ya gama ya yi shiru, don a nan ne ake tambayar, mai tambayar kuma ba ya nan. Sai ya yi ta da kansa.

"Yaushe za a buɗe?"

Hedimasta ya share ido ya ce, "Da saura, Alhaji."

"To a sake zama Talata mai zuwa."

Har yau muna zama. Har yau da saura.

Allah Ka jiƙan Kawu Nomau, Ka gafarta masa, Ka karɓi baƙuncinsa. Ya sha matsi a bencin yara saboda 'ya'yan mutane, ya Allah Ka yalwata masa kabarinsa. Ka kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ka nuna mana ranar da za mu mayar da ajiyarsa inda ya ɗauko ta, yara su zauna a kai, babur ya wuce ba wanda ya duƙa. Amin.